Gona Ɗaya, Makaranta Biyu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya halicci gaɓɓai, Ya kuma san ranar da kowace za ta gaza.

Gona ɗaya ta rage mini a Tirmini daga abin da mahaifina ya bari, kuma gona sau ɗaya ake sayar da ita. A shekarar da autata ta ci jarrabawar bak, ta ƙarshen sakandare, ta same ni a zaure bayan masu ɗaukar karatu sun watse, ta durƙusa, ta ce tana son ta karanci kine. Kine shi ne sunan da muke kiran aikin masu gasa jiki da motsa gaɓɓan da suka shanye ko suka sandare, har Allah Ya mayar da su bakin aikinsu. Makarantu biyu ne a gabanmu. Ɗaya tana nan Damagaram, ta wani ɗan kasuwa ce, kuɗinta da sauƙi, yarinya za ta kwana a ɗakin uwarta. Ɗayar tana Yamai, kuɗinta ya kusa ninka na farko tun kafin a yi maganar ɗaki da abinci da mota. Ta farko zan iya biyanta da abin da ke shigowa a hankali. Ta biyu ba ta biyuwa sai da gonar.

Dalilin wannan buri nata yana kwance a cikin gidana. Shekara guda kafin nan, mahaifiyarta tana tankaɗen garin gero da hantsi, rariya ta suɓuce mata, ita ma ta bi ta ƙasa. Hawan jini ne. Ta tashi daga wannan faɗuwa da ɓarin dama a shanye. Baki ya karkace sannan ya dawo, ƙafa ta dawo rabi, hannu kuwa ya rataya a jikinta kamar na aro.

A babban asibitin gari akwai mai kine, dattijo mai haƙuri, jama'a a ƙofarsa kamar ranar kasuwa. Sai dai namiji ne. Na zaunar da uwargida na gaya mata abin da na tsufa ina karantarwa, cewa larura ta ba likita damar duba da taɓawa gwargwadon buƙata, babu zunubi a kanta ko kaɗan. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Malam, na ji hukuncin. Jikin dai nawa ne." Ban tilasta mata ba.

Sai wata maƙwabciya ta kawo labarin wata yarinya a Kara-Kara da ta gama wannan karatu a makarantar nan ta garinmu, tana bi gida gida. Muka yi murna, muka aika. Ta zo da farar rigar asibiti wankakkiya, da ladabi, ta gaishe ni a durƙushe. Takan shiga ɗaki ta kama wuyan hannun uwargida ta ɗaga shi sama, ta ja, ta juya shi kamar mai tuƙin tuwo. Ina jin nishin matata daga zaure, ina jin yarinyar tana cewa, "Yi haƙuri, Inna, jijiyar ce ke farkawa." Mu da ba mu san aikin ba muka ɗauka haka yake.

Ba a jima ba hannun da dā ba ya jin komai ya koma ba ya jin komai sai azaba. Ko riga za a sauya mata sai ta yi hawaye. Abin da fatawata ta kasa, ciwo ya yi shi: da bakinta ta ce a kai ta wurin dattijon asibiti. Ya duba ta da mayafi a kanta, autata na riƙe da ita. Ya sa yatsansa a saman kafaɗar, yatsan ya shige wani gurbi da bai kamata ya kasance a wurin ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya ja hannun nan, Malam?"

Na gaya masa.

Ya ce, "Hannun da ya shanye ba a jan sa. Naman da ke riƙe ƙashin a mazauninsa ya riga ya saki, in ka ja sai ƙashin ya zame. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai irin wannan ciwo tare da malaminsa, wannan ake fara hana shi." Ya ƙara da cewa gyaran zai ɗauki lokaci, kuma bai yi mini alkawarin ciwon zai tafi duka ba.

Na aika aka kira yarinyar. Na sa aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, autata na zaune a gefe, domin ban kira ta don in tozarta ta ba. Na yi mata tambayar da muke yi wa duk wanda ya zo mana da da'awar ilimi.

"Ƴata, a hannun wa kika karanta?"

Ta fara jero mini sunayen darussa da faransanci.

Na ce, "Ba sunayen darussa na tambaya ba. Wane ne ya tsaya a kanki kina taɓa mara lafiya, in kin yi kuskure ya ce ki dakata?"

Ta ce, "Babu, Baba."

"Marasa lafiya nawa kika taɓa kafin ki shigo gidan nan?"

"Inna ce ta farko."

Ta fashe da kuka, a cikin kukan ta ba ni sauran labarin. Akwai abin da suke kira sitaj, wato watannin da ɗalibi zai yi a asibiti yana koyon aiki da hannu. Makarantarsu ba ta da asibiti, ba ta kuma nema wa kowa wuri. Ɗalibi shi zai yi ta yawo yana roƙo. Wanda bai samu ba, akwai wani ƙaramin gidan magani mai zaman kansa inda ake zuwa a share daɓe, a miƙa wa mai allura auduga, a ƙarshe a ba da ɗan abin da aka ba da, a buga wa mutum hatimi cewa ya yi sitaj. Wannan hatimi da faransanci kashe suke kiransa, kuma a iya rayuwata ban ji sunan da ya dace da abinsa kamar wannan ba. Mahaifinta mai fasa dutse ne. Shekara uku yana fasa dutse a rana domin a buga wa ƴarsa kashe.

Malaman fiƙihu sun ɗora lamuni, wato biyan ɓarna, a kan wanda ya yi wa mutum magani alhali bai san magani ba. Na san wannan babin, na karantar da shi ba sau ɗaya ba. Amma da na dubi yarinyar nan ban ga inda zan ɗora mata shi ba, domin ita ba ta san cewa ba ta sani ba. An karɓi dukiyar ubanta, an ce mata ta sani, an rubuta, an sa hannu. Fushina ya tsallake ta, ya tafi wurin wanda ya sa hannun. A zaurukanmu mutum ba ya samun izinin karantar da littafi sai ya biya shi a gaban malami, layi bayan layi, malamin yana tsayar da shi a kan wasali ɗaya in ya karkace. Wannan kuwa a kan kalma ne, wadda in an yi kuskurenta yau ana iya gyara ta gobe da safe. Su waɗannan a kan naman mutane da ƙashinsu suke ba da izini, kuma ba su tsayar da kowa ba.

Saboda haka da autata ta zo da maganarta, na ce ba zan zaɓa da jin labari ba, sai na je na gani. Na fara da makarantar garinmu, duk da abin da na riga na sani, don kada in yi hukunci kafin in ji ta bakin mai ita.

Gini ne mai kyau, ban hana shi ba. An shafe shi da fenti mai ruwan ganye, an kafa allo babba da hoton wata baturiya tana murmushi tana riƙe da ƙafar wani. Direkta ya taso har bakin ƙofa ya tarbe ni, matashi ne mai ƙamshin turare, ya shigar da ni buro, wato ofishinsa, mai sanyi kamar randa.

"Allah gafarta Malam, gidanka ka zo. Irin ku muke so, iyaye masu hangen nesa. Kuɗinmu ma a hankali ake biya, kashi kashi, ba ma matsa wa kowa. Rigar aiki kyauta ce."

Na kira shi da laƙabin faransanci da muke kiran ƴan boko, na ce, "Madalla da riga. Su wa ke karantarwa, Mushe?"

"Manyan malamai, daga Yamai suke zuwa."

"Yaushe suke zuwa?"

"Idan sun samu sarari. Sukan yi kwanaki su ba da darasin gaba ɗaya, yara su rubuta."

"Darasin shekara a cikin kwanaki?"

Ya yi dariya. "Baba, zamani ya sauya. Yanzu komai a na'urar ordinatar ake ganinsa. Ba irin naku na dā ba, da sai mutum ya yi furfura a littafi ɗaya."

Na ce ya nuna mini inda ake koyon aikin. Ya kai ni wani ɗaki, aka jima ana neman mabuɗi. A ciki akwai ƙwarangwal na roba a tsaye cikin akwatin gilashi, da gadaje biyu, da wani keke na motsa ƙafa wanda har lokacin ledar da aka sayo shi da ita ba a cire ba. Ƙura ta kwanta a kan ledar.

"Ana buɗe gilashin nan?"

"Yara ne, Baba, sai su ɓalle masa yatsu. Da tsada muka sayo shi."

"Kana tsoron su ɓalle yatsun roba, amma ba ka tsoron sakin su a kan matan mutane."

Murmushinsa ya ragu. Na tambaye shi sitaj, ya ce ɗalibi ke nema wa kansa, hakan yana koya masa dogaro da kai. Na ce in bai samu ba fa? Ya ce suna da fahimtar juna da wasu wurare. Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawar ƙarshe a nan. Ya buɗe hannuwa da alfahari, ya ce, "Ko ɗaya. Duk wanda ya kammala biyansa yana fita da takardar diplom ɗinsa."

Na ba shi labarin kafaɗar matata, ban ambaci yarinyar ba. Ya girgiza kai da jimami irin na ƴan kasuwa, ya ce, "Allah Ya ba ta lafiya. Ka san hannu hannu ne, wani ya fi wani. Mu ilimi muke bayarwa, abin da mutum ya yi da shi a waje ba ya wuyanmu."

Na ce, "Yana wuyanka, Mushe, kuma za a tambaye ka. Mai zuba yashi a buhun gero ya fi ka sauƙin hisabi, domin shi mai saye yana iya sheƙe geronsa ya ci. Kai algus ɗinka a cikin hannun mutum kake zuba shi, ya ɗauka ya shiga da shi gidajen bayin Allah yana zaton alheri ya kai musu."

Ya raka ni har ƙofa duk da haka, ya ce in na sake shawara akwai rangwame ga ƴaƴan malamai.

Tafiyar Yamai yini guda ce cur a mota, kuma ƙashin tsoho ya san ta. Na tafi da autata. Makarantar tana jingine da wani asibiti, fentinta ya ɓare, bencinan tsakar gida wasu sun karye. Ba wanda ya taso ya tarbe mu. Aka ce malamar da za mu gani tana ɗakin marasa lafiya, mu jira, ko mu tsaya daga bakin ƙofa in ba za mu yi magana ba. Muka tsaya.

Mace ce gajeruwa mai kaushin murya. Wani tsoho yana zaune a bakin gado da irin ciwon matata, wata ɗaliba tana son ta tayar da shi tsaye. Ɗalibar ta kai hannu za ta kama damtsensa, malamar ta riƙe wuyan hannunta a iska.

"Ina za ki? Jakar kayanki ce? Sake."

Ɗalibar ta sake, ta kuma kuskure.

"Sake. Baba, yi mana haƙuri, yau kanta yana gida."

Tsohon ya ce, "Ku yi ta yi, ni ba inda za ni."

Daga nan malamar ta ɗora tafinta a bayan tafin ɗalibar, ta kai shi ƙarƙashin allon kafaɗar tsohon, ta ce, "Kin ji wannan? A nan nauyinsa yake. Rufe ido ki ji." Na juya na ga autata ta daina ƙifta ido.

Da ta fito ba ta yi mini zaƙin baki ba. Ta faɗi kuɗin, ta ce rabi ake biya tun farko, ba kashi kashi ba. Littattafai daban, ɗaki daban. Ta ce, "Kuma in gaya maka, Malam, muna kayar da ɗalibai. Wanda hannunsa bai nuna ba yana maimaita shekara, kuɗinsa kuma ba ya dawowa." Wannan ita ce magana mafi tsada da na ji a tafiyar, kuma ita kaɗai ta kwantar mini da hankali.

Ban fito daga can da farin ciki ba, kada a ɗauka haka. Na fito ina tafasa ta wata fuskar. Ƙasar Damagaram da faɗinta, da tsofaffinta da ke kwance a ɗakuna daga Birni har ƙauyukan Garagumsa, mata suna ruɓewa a kan tabarma saboda babu mace da za ta taɓa su, amma sai talaka ya rabu da gadon ubansa ya kuma tura ƴarsa tafiyar yini kafin ta sami malamin da zai ce mata sake. Wanda ba shi da gona kuma, ga mai fenti mai ruwan ganye yana jiran sa da rangwame. Kuma akwai waɗanda aikinsu ne su duba irin waɗannan makarantu kafin a bar su su buɗe ƙofa. Ban san abin da suka duba ba.

Mafi wuyar hisabin a gida na same shi. Tun faɗuwar uwargida autata ce ke yi mata wanka, ita ke ɗaura mata zane, ita ke zuba mata ruwan alwala. Da na gaya mata abin da na gani da abin da na ƙudurta, ta juyar da fuska bango.

"Za ka sayar da gonar ubanka, Malam, ka kuma raba ni da hannun da ya rage mini."

Na ce, "Makarantar garin nan ita ce ta yi miki wannan."

"Na sani, a jikina yake. Amma ita ƴarmu tana da hankali, ba za ta ja kowa ba. Ta yi a nan, ta riƙa zuwa wurin dattijon asibiti tana kallo."

"Dattijon ba shi da lokacin shan ruwa. Kuma kallo ba karatu ba ne."

"Kai komai karatu. Wa zai ɗaura mini zane shekara uku? Littattafanka?"

Na ce ƙanwata da mijinta ya rasu za ta dawo gidan, ruwan alwala kuwa ni zan zuba. Ta ce, "Mu gani." Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma hana ba.

Na sayar da gonar bayan girbi ga wani ɗan kawuna, domin ko ba komai ta zauna a cikin dangi. Ranar da muka tafi da shaidu muka zaga iyakarta, na tsaya a gindin gawon da mahaifina yake hutawa, na yi masa addu'a, na kuma roƙi Allah kada Ya bar ni in yafe wa wanda ya mayar da neman ilimi haka, sai ya tuba ya gyara.

Autata ta tafi. Da hutun ƙarshen shekara ya zo ta dawo ta rame, ta yi baƙi, da littafi mai hotunan ƙasusuwa wanda gefensa ya lanƙwashe don buɗawa. Bayan ta ci abinci ta huta, uwarta ta sa aka zaunar da ita a bakin gado, ta tallafo hannun daman da na hagu, ta miƙa mata.

"To, likita. Ga hannu, a gyara."

Yarinyar ta durƙusa, ta duba kafaɗar da ido, ta shafa ta a hankali, ba ta ɗaga ba. Ta ɗauko matashin kai ta gyara shi a ƙarƙashin gwiwar hannun har nauyin ya sauka a kansa. Ta nuna wa ƙanwata yadda za ta riƙa tayar da ita ta bayan allon kafaɗa da ƙugu. Sannan ta ja da baya.

Uwar ta ce, "Sai me?"

"Shi ke nan, Inna. Ba mu kai ga motsa irin wannan kafaɗar ba. An hana mu taɓa ta in malama ba ta tsaye. Ki ci gaba da zuwa asibiti, ni zan riƙa raka ki har hutu ya ƙare."

"Ni uwarki ce, ba ta asibitinsu ba."

"Shi ya sa, Inna."

Uwargida ta ɗago ta neme ni da ido inda nake tsaye a bakin ƙofa. "Ka ji ko, Malam? Gona guda, sai matashin kai."

Ranar ba ta karɓi ruwan alwala daga hannuna ba, ƙanwata ta kira. Na koma zaure na zauna. Har yau da nake rubuta wannan, hannun bai riƙe ludayi ba, kuma ban san ko zai riƙe ba, wannan yana wurin Mai gaɓɓan. Saura shekara biyu, abin da ya rage na kuɗin gonar yana raguwa da sauri fiye da yadda na ƙiyasta. Makarantar mai fenti kuwa ta ƙara bene. Amma na ga ƴata ta tsaya a gaban uwar da take ƙauna, uwar tana roƙonta, ta san iyakar abin da ta sani, ta janye hannunta. Wannan na saya, kuma ban ga an cuce ni a cinikin ba. Allah Ya cika mata sauran, Ya kuma sassauta wa uwarta.